Ragunan da ba su iso Sabo ba

Sabo, Badun
Yuni, 2025

Assalamu alaikum, Alhaji aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar nan taka, ta sake ka kuwa? Yaya aka ji da hidimar Sallah? Allah ya maimaita mana. Mu nan lafiya lau sai godiya. Damina ta kankama, tun jiya da la'asar ruwa yake zuba a kan jajayen kwanonin Badun, to shi ya hana ni fita majalisa, na ce bari in ɗauko biro in rubuto maka, don maganar da muka faro a waya ba ta kai ƙarshe ba layin ya yanke, kuma ka san abin da ke raina ya fi fitowa a takarda.

Babban ɗanka ya kira ni ana saura kwana goma Sallah, yana ta ba ni haƙuri a kan ragunan da ya saba kawo mana, wai bana ba za su iso ba saboda dokar da gwamnatinku ta kafa a watan Mayu ta hana fitar da dabbobi waje. Don Allah ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba shi da laifin komai. Mun yi layya. Rago ya yi tsada a kara ta Akinyele, har dattawan da suka shekara talatin suna yanka rago sun haɗu su bakwai a kan sa guda, amma dai an yanka, an soya, yara sun ci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne muryar yaron, don na san ragunan nan bashi ya karɓo su a ƙauyuka, ya sayi dusa da harawa ya yi wata huɗu yana kiwo, duk lissafinsa a kan farashin Kudu yake. Na gane dalilin mahukunta, suna son talakan Yamai da na Maraɗi ya sami abin layya da sauƙi, kuma wannan niyya ce mai kyau. To amma sanarwar ta sauko ana saura 'yan makonni, bayan mai kiwo ya riga ya zuba duk abin da yake da shi, kuma babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya ce a ɗaga masa ƙafa. Da na ajiye wayar sai na ji kamar an mayar da ni zauren Baba.

Ka tuna azumin 1966? Muna 'yan shekara goma sha biyu, muna kwana a zaure ɗaya da allunanmu a jingine a bango. Tun bayan zaɓen Yamma na watan Oktoban 1965 garin ba lafiya, ana watsa wa gidaje da motoci fetur ana cinna wuta, abin da Yarabawa suka sa wa suna Wetie, har Inna ta hana mu ƙetare Mokola. To ranar Asabar 15 ga Janairu, cikin goman ƙarshe, muka tashi da labarin an kashe Firimiya Akintola a gidansa a nan cikin gari, kafin azahar aka ce har da Sardauna a Kaduna, an kuma tafi da Tafawa Balewa ba a san inda yake ba. Ina iya ganin Baba da mahaifinka da sauran baƙi sun yi da'ira a kan akwatin rediyo, babu mai cewa uffan. Daga can cikin gari kuwa muna jiyo ganguna, don mutane da yawa sun gaji da 'yan siyasa, suna ganin soja ya zo ya share musu hawaye. A ran nan na fara ganin abu ɗaya ya sa wata unguwa rawa, ya sa wata zaman makoki. Sallar shekarar ko sabon kaya ba mu yi ɗokin sawa ba.

Wata shida bayan nan abin ya sake faruwa, kuma a ƙofarmu. Janar Ironsi ya zo Badun taron sarakuna, ya kwana a gidan gwamnati na Agodi wurin Gwamna Fajuyi, to ranar Juma'a 29 ga Yuli aka ɗauke su biyun, aka kai su wajen Lalupon a hanyar Iwo, ba su dawo ba. Mu yara abin da muka sani shi ne motocin soja da ke wucewa da dokar kada a fita. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, hankalinsa yana kan huhunan goron da ya tara za a ɗora a jirgi zuwa Kano. Goro ba ya jiran kowa. In ya kwana biyu ba a buɗe shi an tsince an sauya masa ganye ba, sai ka tarar da shi ya fara lalacewa, kuma goron nan ba a biya masu shi ba tukuna.

Ai ka san yadda Sabo take tun da aka kafa ta a 1916. Duk arzikinta a kan lamuni yake tsaye. Mai shanu ya taso daga Arewa, ya sauka gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da tuwo, dillalin gidan ya kai shi zango ya sayar wa mahauta Yarabawa bashi, sai bayan mako biyu ko wata guda a biya, maigida kuwa shi ya tsaya, in mahauci ya gudu shi zai biya daga aljihunsa. Babu takardar kotu, babu ɗan sanda, sai suna da kunya da littafin malamin gida. Irin wannan ciniki abu ɗaya yake nema, wato mutum ya san cewa gobe za ta yi kama da yau, kuɗin da aka yi alkawari da shi yana nan da darajarsa, hanyar da aka biyo tana nan a buɗe. Shi ya sa duk sanda aka ji badujala a rediyo da asuba, kafin ma a san wanda ya hau, masu gidajen Sabo sun fara ƙidaya bashin da ke waje.

Ba zan ce zamanin soja duk baƙi ne ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Zamanin Gowon, bayan yaƙi ya ƙare a 1970, kuɗin mai ya shigo, aka yi tituna da gadoji, aka kawo naira a 1973, kuma da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975 nama ya yi ta tafiya, mahauta suna biyan bashi tun kafin ranar alkawari. Ko da yake manoman koko na ƙauyukan Badun, 'yan Agbekoya, sai da suka ɗauki bindigogin toka a 1968 da 1969 a kan haraji, har suka fasa kurkukun Agodi, kafin a saurare su. Murtala ya zo a 1975 da zafinsa, muka so shi so na gaske, shi ya ba mu Jihar Oyo a Fabrairun 1976, kwana goma bayan nan aka kashe shi. Ya kori dubban ma'aikata nan take, cikinsu akwai ɓarayi, akwai kuma wani maƙwabcinmu akawu da ban taɓa sanin ya ci kwabon kowa ba, kuma bai sami wurin da zai tsaya ya kare kansa ba.

To amma 1984 ce ba na mantawa, kuma na san kai ma ba ka manta ba, don a gidajenmu biyu ta sauka. Ranar ƙarshe ta 1983 muka ji muryar Birgediya Sani Abacha yana sanar da an kifar da Shagari, shi da ba a jima ba aka turo shi nan Badun ya riƙe runduna ta biyu. Wallahi mutane sun yi murna, ni ma na yi, don ma'aikata sun yi watanni ba albashi, shinkafa da madara da sabulu sun ɓace a kanti. Aka shiga fasa rumbunan 'yan kasuwa ana sayar da kaya a farashin gwamnati, aka kawo yaƙi da rashin ɗa'a a watan Maris, kowa ya koyi bin layi a tashar mota, wanda ya makara a ofis ya sha tsallen kwaɗo. Garin ya yi tsaf, wannan gaskiya ce. Sai dai kayan da aka sayar da arha a makon farko ba su sake dawowa kan kanta ba, don wanda aka tilasta wa ya sayar da asara ba ya komawa ya saro wani.

Sai ga watan Afrilu. Mahaifinka ya kawo shanu, an sayar, ya karɓi kaɗan ya koma gida, ya bar sauran a hannun Baba a kan zai dawo bayan wata guda. Kwatsam aka rufe iyakokin ƙasa, aka ce an sauya launin naira, an ba da kwana goma sha biyu kacal, daga 25 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu, kowa ya kai tsohon kuɗinsa banki. Naira 5,000 za a canza wa mutum hannu da hannu, abin da ya haura sai ya zuba a asusu tare da rantsuwar inda ya samo shi. Manufar ita ce a kashe kuɗin da manya suka ɓoye a waje, kuma wa zai ƙi wannan? To amma Sabo ba ta san banki ba a lokacin, kuɗinmu a adaka yake da ƙarƙashin gado, kuma rabinsa na baƙi ne da ke bayan iyakar da aka rufe. Mahauta kuwa da suka ji labari sai suka yi ta tururuwa suna biyan bashi da tsohon kuɗi, kowa yana son ya sauke nauyin a kan maigida. Na raka Baba banki kwana huɗu a jere, muna fita bayan sallar asuba, yana rungume da jakar fata da littafin bashinsa na ajami. Akawun ya juya littafin sama da ƙasa ya ce ba ya iya karantawa, sai da muka nemo wanda ya kwafe shi da boko, muka je kotu Baba ya yi rantsuwa cewa kuɗin nan na shanun wane ne, ɗan wane, mutumin Maraɗi. Aka karɓa, amma fitar da sabon kuɗin ya zama wani aikin, ana ba mu kaɗan kaɗan.

A shekarar ce ruwa ya ƙi sauka a wajenku. Zamanin Kunce ne, kuma yunwar da ta biyo baya har yau dattawanku El-Buhari suke ce mata, saboda ta haɗu da rufe iyakar da Janar Buhari ya yi, hatsi da garin rogon da aka saba shigo da su daga Najeriya suka yanke. Baba yana da kuɗin mahaifinka a hannu, ya san kuna can dabbobi suna mutuwa, kuma ba shi da hanyar kai muku sai ɗan abin da yake damƙa wa masu ratsa daji da ƙafa. Na sha jin sa da dare yana juyi yana salati. Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 1986 ƙarfinsa ya riga ya ƙare, ni ya aika. Na bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, na same ku a ƙofar gida, kai ka fara hango ni ka taso da gudu. Na miƙa wa mahaifinka jakar, na ce ya ƙirga, ya ce ba zai ƙirga kuɗin da ya fito daga hannun Baba ba, ya sa aka dama mini fura. Har yau ina jin ɗanɗanon furar nan, da kuma yadda garken da na sani ya koma 'yan awaki shida.

Wata shida bayan nan Babangida ya buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirinsa na SAP, dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta haura naira huɗu a rana guda. Daga nan Sabo ta fara sauya sana'a. An buɗe kasuwar Bodija a 1987, harkar abinci da ta dabbobi ta karkata can, aka fara ba 'yan canji lasisi a 1989, to 'ya'yan dillalan shanu da jikokin fataken goro sai suka koma bakin titi suna tsayar da motoci suna tambayar dala ko fam. Zamanin Abacha gwamnati ta ce dala naira 22 ce, a titinmu tana sama da 80, kuma wanda yake da hanyar samun ta a farashin farko ya sayar a na biyu ya yi arzikin da ba a yi masa gumi ba. Ga kuma 1993, da aka soke zaɓen 12 ga Yuni wanda Abiola ya ci har a Kano, mahaifar abokin takararsa Bashir Tofa. Mu da muka yi layi muka zaɓa tare da maƙwabtanmu, mu muka koma abin zargi don kawai muna yare ɗaya da wasu masu kaki. Na sa iyalina a mota zuwa Zariya, na zauna ni da 'yan samari muna gadin unguwa, kuma ba zan manta da mahautan da suka riƙa aiko mana da abinci daga cikin gari ba.

Na kawo maka duk wannan ne saboda abin da ka faɗa mini a waya, cewa tun da Janar Tiani ya karɓi mulki a ƙarshen Yulin 2023 kun ɗaga kai. Na yarda da kai, Alhaji, kuma ban raina wannan ba. Sojan Faransa sun tattara sun fita kafin ƙarshen 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, an rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499, an rage kuɗin asibiti, kuma da na ji a bana an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa sai da na ji ƙwalla ta zo mini. Haka nan abin da ECOWAS ta yi muku, na rufe iyaka da yanke wutar da kuke samun yawancinta daga wajenmu, ban taɓa goyon bayansa ba ko na rana ɗaya. Motocin albasa sun ruɓe a layi, magani ya yanke, kuma waɗanda suka sha wuyar ba su suka yi juyin mulki ba. Farar hula ne suka yi wannan, kamar yadda farar hula suka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma a hannunsu ne jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, abin da iyayenmu ba za su yarda ba in an faɗa musu.

To amma ga abin da na gani da idona, kuma shi nake so ka riƙe. An sake sauya mana kuɗi a farkon 2023, muka sha wahala irin ta 1984, mutane suna kwana a bakin banki, mai tumatir tana kallon kayanta suna ruɓewa don babu takardar kuɗi a gari. Sai gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, su da suke jam'iyya ɗaya da ita, kuma ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsohon kuɗi ya ci gaba da yawo. Haka da aka fara maganar tura soja Nijar a watan Agusta, 'yan majalisar dattawa suka ƙi, malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, jaridu da gidajen rediyo suka yi ca, har maganar ta mutu. A 1984 Baba bai da kotun da zai je sai wadda zai yi rantsuwa, 'yan jarida biyu ma da suka rubuta abin da ba a so, ɗaure su aka yi a ƙarƙashin doka ta huɗu. Mulkin farar hula yana cutar da talaka, na sani, ina cikinsa. Sai dai yana barin ƙofa a buɗe ko da 'yar ƙarama ce, kuma ɗanka da ragunansa ƙofar nan ya rasa a watan Mayu.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Da farko an ce muku shekara uku, a watan Maris na bana aka rantsar da Janar Tiani a kan biyar, aka rushe jam'iyyu, Shugaba Bazoum da aka kifar kuma yana tsare har yanzu. Mu ma Gowon ya yi mana alkawarin 1976, ranar 1 ga Oktoban 1974 ya ce ba zai yiwu ba. Babangida ya ce 1990, ya koma 1992, ya koma 1993. Akwai kuma waɗanda suka cika, Obasanjo ya miƙa a 1979, Abdulsalami bai cika shekara ba ya sauka, ku ma Salu Jibo ya karɓa a 2010 ya mayar a 2011, kuma su ne yau suke yawo cikin mutane ana gaishe su. Ina roƙon Allah ya sa naku su shiga wannan sahu, ya kawo muku ƙarshen 'yan bindigar da suka addabi Tillaberi da dajin da ke tsakaninku da Katsina da Zamfara, don mu ma ciwon nan namu ne. Ba sai ka ba ni amsar wannan a takarda ko a waya ba, ka bari sai mun haɗu mun zauna a tabarma ɗaya.

Game da yaron, ka ce masa kada ya karyar da ragunan da suka rage don tsoro. Ya je wurin masu su a ƙauye da kansa ya yi musu bayani ido da ido, ya biya abin da ya samu, sauran ya nemi lokaci. Na yi magana da ƙanena, mun haɗa ɗan abin da za mu aiko masa ta hannun direban da ke zuwa Jibiya ranar Laraba, ba bashi ba ne, kuma kada ka ce za ka mayar, don ka san abin da ke tsakanin gidajen nan biyu. A cikin kayan akwai ƙwaryar goro fari na Shagamu naka, da atamfa ta Hajiya daga uwargida, tana gaishe ta ƙwarai tana tambayar ko ta sami maganin idon. In hanya ta yi kyau bayan kaka, ka daure ka zo. An rushe zauren Baba an yi bene a wurin, amma rijiyar tana nan, kuma limaminmu yana yawan tambayarka. Ruwan ya tsagaita, ga shi ana kiran magariba, bari in tashi in yi alwala. Ka gaishe mini da kowa da kowa, har da 'yar jikar nan taka mai sunan Inna.

Wassalam,
Naka har kullum,
amininka na Sabo